Motar Babana Da Tsatsa

Tun ran da muka komo daga dogon hutu mutane ke tambayata abin da ya sami hannuwana, don sun ga duk sun yi kanta, ga kuma tabon ƙuna a bayan na dama. Waɗansu suna tsammani noma na sha, wani ma ya ce ko kokawa na yi da maƙeri. To, ga amsar a rubuce, domin in huta da maimaitawa. Mako bakwai na yi a Doma, yawancinsu a kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, garin tsatsa yana zubo mini a fuska.

Saboda waɗanda ba su san wajenmu ba, Doma garin Alago ne, yana kudu maso yamma da Lafiya, tafiyar kamar rabin awa a mota. Sarkinmu shi ake kira Andoma. Mutanenmu manoma ne, doya da riɗi da shinkafa su ne arzikinmu. Ruwa yakan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta ƙare. Wannan alheri ne ga manomi, amma ga ƙarfe masifa ce, gama laka takan liƙe a ƙarƙashin mota ta yi wata da watanni ba ta bushe ba.

Motar da nake magana Fijo ce, wadda ake kira 504. Ƙannenmu na yanzu suna ganinta abin dariya, amma iyayenmu sun san darajarta. A Faransa aka fara ƙera irinta cikin 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekara. A 1975 ta ci babban tseren nan na Safari a Kenya, inda ake bi ta daji da laka da duwatsu, a shekarar nan ce kuma aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna. Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fid da ita har bayan shekara ta 2000. Akwai zamanin da in ka ga babban ma'aikacin gwamnati, to, a cikinta za ka gan shi.

Tamu ƙirar Kaduna ce ta 1984, fara, watau ta girme ni da shekara 18. Babana, wanda ya yi hedimasta a makarantar mishan inda na yi firamare, ya saye ta a 1997 daga hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Ba kasafai yake hawanta don kansa ba, da ƙafa yake zuwa makaranta. Amma in naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, ko maciji ya sari wani a gona, ƙofarmu ake bugawa, Kirista ne ko Musulmi. Na tashi ina jin ƙarar injinta cikin barci, in san an nufi asibiti ke nan a Lafiya.

Da Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2021, ba mai iya tuƙi a gidan. Muka tura ta gindin mangwaro, muka lulluɓe ta da tamfol, muna cewa mun adana ta. Ba wanda ya tuna akwai buhun takin zamani biyu a cikin but. Haka ta sha damina huɗu a wurin.

Da hutun Ista na 2025 kuɗin makaranta ya matsa mini. Kawu ya zo ya ce 'yan gwangwan sun yi tayi, za su auna ta a kilo su farfasa. Amma, in ji shi, akwai wani saurayi da ke neman mota ya riƙa jigilar mutane a hanyar Rukubi ran kasuwa. In an tashi injin, an ɗan shafa mata abin da zai rufe ramukan nan, an fesa fenti, lalle zai biya ninki uku na kuɗin 'yan gwangwan. Bakanike ya zo ya tashi injin cikin kwana biyu, gama injin Fijo ba ya mutuwa da sauƙi. Jikin kuwa na ce a bar mini, ai ni ɗan kwaleji ne.

Ga abin da na yi, ba kuwa da alfahari nake faɗa ba. Na sayo gwangwanin fila, watau wannan abu mai kama da ƙullu wanda akan kwaɓa da ɗan maganinsa ya daskare kamar dutse. Inda rami ya yi girma na cusa tsohuwar jarida da guntun buhu, na shafe da fila, na goge da samfefa har ya yi sumul, na bi da farin fenti. Da na gama na ja da baya na duba, na ce lalle na iya. Mama ta fito ta tsaya, ta daɗe tana kallo, ba ta ce kome ba, ta koma madafa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban yi wannan cikin jahilci ba. A zangon da ya wuce mun yi gwajin ƙusa uku a ɗakin kimiyya, 'yan ajinmu za su tuna. Ƙusa ɗaya muka sa a kwalba da ruwan famfo, ɗaya a tafasasshen ruwa da aka zuba wa mai a bisa don kada iska ta shiga, ta uku a busasshiyar kwalba da aka toshe. Bayan mako guda ta farin ce kaɗai ta yi ja. Muka rubuta cewa ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa, gishiri kuwa yana ƙara wa abin sauri, haka ma takin zamani. Muka rubuta kuma cewa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, tana da ƙofofi kamar soso, saboda haka tana riƙe danshi ta kai shi ga lafiyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ba kamar tukunyar alminiyam ba, wadda ɗan dusashewar da ta yi a bisa shi ke tsare cikinta. Na ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Sa'an nan na koma gida na shafe tsatsa da fila.

Da na zo dogon hutu a watan Agusta, sai na tarar fentin ya yi bororo a gindin ƙofofi, jan ruwa yana tsattsafowa. Na ce ba kome, a kai ta wurin masu fenti su yi mata feshi sosai kafin mai saye ya zo. Aka kwatanta mini wani tsoho a bakin hanyar Lafiya, wanda kowa ke kira Baba Mai Walda. An ce a Panteka ta Kaduna ya koyi aiki tun yana saurayi.

Na same shi a rumfarsa yana zaune kan tsohuwar taya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni sosai ba, motar yake kallo.

Ya ce, "Wannan ba motar Hedimasta ba ce?"

Na ce, "Ita ce, Baba. Ni ɗansa ne."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. A cikinta aka kai uwar 'ya'yana asibiti, shekarar da ta haifi tagwaye. Me kake so a yi mata?"

Na gaya masa feshi kawai nake so. Sai ya tashi ya ɗauko wani maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya ɗora a kan rufin motar, ya kama ƙam. Ya ɗora a tsakiyar ƙofa, ya kama. Ya sauko da shi gindin ƙofa, inda na yi gwanintata, ya saki. Sai ga shi a ƙasa, tim. Ya ɗauka ya gwada a dokin ƙofa, ya sāke faɗuwa. Yaran gareji suka taru suna ƙunshe dariya.

Ya ce, "Wane ne ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka kawo jak, ya kafa a inda aka yi domin kafa shi, ya ce wa yaro ya juya. Jak yana hawa, mota ba ta motsa ba. Can sai muka ji ƙurus, kan jak ya shige cikin dokin ƙofa, jar ƙasa da ɓarɓashin ƙarfe da guntun jaridata suka zubo. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya soka sukundireba a daɓen. Ta wuce kamar an soki dafaffiyar kabewa, har ina hangen ƙasa.

Ya ce, "Ɗan Hedimasta, lori yana da shasi dabam, jiki dabam. In jikinsa ya ruɓe, shasi yana riƙe da shi. Wannan kuwa ba ta da wani ƙashi sai jikin nan nata. Dokin ƙofan nan da ka cika da takarda, shi ke riƙe gaba da baya. Mutum nawa za su shiga ran kasuwa?"

Na ce, "Bakwai, ko takwas."

Ya ce, "Da buhunan riɗi a but, a hanyar Rukubi. To, uwar wa za ta sa ƙafa a nan?"

Ban sami abin faɗa ba. Ya ce shi ba ya kitso da ƙwarƙwata, in feshi nake so akwai masu yi a gaba, ba za su tambaye ni kome ba. Amma in gyara nake so, in zo in zama yaronsa har hutu ya ƙare, in sayi kayan aiki, ladan hannunsa kuwa Hedimasta ya riga ya biya.

Daren nan ban yi barci ba. Kuɗin makaranta yana nan yana jirana, Kawu kuma ya riga ya yi wa mai saye alkawari. Da asuba na gaya wa Mama duka. Ta ce, "Tun ran da kake cusa jarida na gani. Na yi shiru ne in ga ko ɗan wa na haifa. Duk garin nan ba mai kiranta motarka, motar ubanka ake cewa." Kawu ya yi fushi ƙwarai, ya ce boko ya lalata ni, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Ran Litinin na sa tsohon wando na tafi. Aikin fari shi ne tuɓe motar. Muka fid da kujeru da shimfiɗu da batir. Muka sauke tankin mai muka kai shi can bayan rumfa, gama Baba ya ce tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage shi ke fashewa. Sa'an nan ya ba ni kurfi da guduma ya ce in fid da filata da hannuna. Abin da na shafa cikin kwana uku, sai da na yi kwana biyar ina sassaƙewa.

Da jikin ya fito tsirara, sai ya bi shi da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dif, kamar an bugi kwali. Ya nuna mini inda ɓarnar ta faro. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramuka da maƙeran motar suka bari domin ruwan da ya bi gilashi ya fita. Ganyen mangwaro da ƙura sun toshe su, ruwa ya kwanta a ciki. Tamfol ɗin da muka ce adana ne, shi ya hana iska ta busar da ita. But kuwa, inda taki ya narke, ya zama kamar rariya. Ya ce, "Tsatsa daga ciki take fitowa. Ran da ka ga bororo a fenti, ta daɗe da gama cin abincinta."

Ya tambaye ni ko malamin makaranta yana yawo da alli. Na kawo masa. Ya ce in zagaye kowane rami. Na zagaye daidai bakin ramin, don ina jin tsadar ƙarfe. Ya karɓi allin ya sāke zagayawa, ya ƙara faɗin yatsa biyu ko uku ta kowane gefe. Ramin da bai fi tafin hannu ba ya zama kamar faranti.

Na ce, "Baba, ai nan da sauran kyau."

Ya ce, "A ido. Yanka za ka yi har ka iske ƙarfe mai haske, mai cikakken kauri. In ka ji tausayinta ka bar kaɗan, baɗi war haka ka dawo."

Kafin a taɓa dokin ƙofa sai da ya gitta ƙarfe a bakin ƙofofin ya ɗana da walda, don kada motar ta lanƙwashe a tsakiya in an yanke abin da ke riƙe da ita. Gefe ɗaya muka gama tukuna muka koma ɗayan. Kowane rami sai an ɗora masa kwali an zana siffarsa, a yanka kwalin, a gwada, a rage, har ya zauna daidai, sa'an nan a ɗora shi kan falankin ƙarfe a yanka da almakashi. Ƙarfen kuwa daga rufin wata matacciyar Fijo muka samo shi a Lafiya, don kaurinsu ya zo ɗaya, wajen milimita guda. Inda ake bukatar lanƙwasa, a kan guntun ƙarfen dogo da kututturen itace yake bugawa, har faci ya ɗauki siffar wurin.

Waldarsa ta kabaid ce. Akan zuba duwatsun kabaid a wata tukunya, ruwa yana ɗiga a kansu, sai su ba da iska mai warin tafarnuwa. In ta gamu da oksijin daga tulun ƙarfe, harshen wutar yakan wuce digiri 3,000. Da irin wannan wuta, ƙarfe mai kaurin milimita guda ba ya jurewa. In ka ja ta a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, sai falankin ya murɗe kamar ganye a rana. Don haka ɗigo-ɗigo yake yi, ɗaya nan, ɗaya can nesa, ya dakata ya huce, ya buga da guduma yana tare bayan da wani dunƙulen ƙarfe, ya komo ya cika tsakani. A mako na huɗu ya miƙa mini wutar. Na huda faci biyu, na ƙone bayan hannuna, na uku ya zauna. Ya duba ya ce, "To, ba laifi." Ban taɓa jin daɗin wani maki a kwalejin nan kamar wannan ba.

Bayan walda sai gogewa. Inda tsatsa ta taɓa sama-sama kawai, muka kankare da burushin waya, muka shafa wani ruwa mai tsami da ke mai da ita baƙa ya kashe ta. Muka bi ko'ina da jan fenti na fari, ciki da waje, tun ƙarfen bai kwana ba. A nan ne fila ta shigo, ashe tana da wurinta: shafi ɗaya marar kauri a bisa lafiyayyen ƙarfe, don a daidaita tabon guduma. Da ya gama ya ɗora maganaɗisunsa a kai, ya kama. Daga ƙarshe muka buɗe ramukan ruwa duka, muka tsiyaya baƙin mai cikin ƙofofi da dokin ƙofa, muka shafe ƙarƙashin da baƙin fenti mai kauri.

Ina kwance a ƙarƙashin nan ne wani abu ya riƙa dawo mini. Lokacin da muka fita koyarwar gwaji, an ba ni aji biyar a wata makaranta kusa da gida. Akwai wani yaro mai ƙoƙarin ɗaga hannu, in an ce ya karanta sai ya zuba kamar ruwa. Wata rana na buɗe masa shafin da ba mu taɓa yi ba, sai ya yi tsit. Ashe haddacewa yake yi daga bakin 'yan'uwansa, ko baƙaƙe bai gama sani ba. Mai duba mu yana zuwa mako mai zuwa. Na sa shi ya karanta shafin da ya haddace, aka yaba mini, na kuma ƙara masa maki a jarrabawa don kada ya ɓata mini lissafi. Fila ke nan na shafa wa ɗan mutane, na fesa fenti, na miƙa wa malamin aji shida.

Na nemi gidansu. Kowace yamma in na tashi daga gareji, sai in wanke hannu in je, mu zauna a zaure da allo da alli. Sai da muka koma har kan a da ba, gama nan ne muka iske ƙarfe mai haske. Ran farko ya yi kuka don kunya, yana cewa shi ɗan aji biyar ne. Kafin in komo ya fara haɗa kalmomi masu gaɓa biyu da kansa. Da sauran aiki da yawa, na kuwa bar shi a hannun ƙanwata.

Motar ma da sauranta. Baba ya ce ba a feshin kirki da damina, a bari ruwa ya ɗauke, a kuma riga ƙurar hunturu. Tana nan jawur da faci-faci kamar saniya mai roɗi, yara suna bin ta da dariya. Amma ran Lahadin ƙarshe bakanike ya tuƙa, na zauna a gaba, Mama a baya ta taka daɓen da ƙafa biyu, muka je sujada muka komo. Kuɗin makaranta kuwa, sai da ta sayar da riɗin da ta ajiye don iri, na biya a makare har da tara. Ko za a sayar da motar nan gaba, ban sani ba. In an sayar, mai saye ya zo da maganaɗisunsa.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji, yara hamsin ko fiye, da rajista, da jan biro. Ba mai ganin abin da muka yi a ciki sai bayan shekaru, sa'ad da nauyi ya hau kan yaran. Ina roƙonku mu riƙa ƙwanƙwasawa muna kasa kunne, inda muka ji dif kuma kada mu ji ƙyuyar komawa baya. In kuwa hanya ta bi da ku ta gaban rumfar mai walda ko maƙeri, ku tsaya ku gaishe shi da ladabi. Ni dai na san sunan oksijin, Baba bai sani ba, amma shi ya hana ni sayar wa mutane ajalinsu.

Allah ya saka masa da alheri, ya ji ƙan iyayenmu, ya sa mu riƙe amanar da za a ba mu. Amin.